Malam Umaru da Shirin Ƙirga Wasula

Duk wanda ya koyi kwamfuta wajen marigayi Malam Umaru a Badariya ya san ƙarar takalminsa a kan tebur. Cirewa yake ya buga, ya daka tsawa: "Na'ura ba ta da kunya, kai ka koya mata!" Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Kebbi ba, ana ɗaukar ma'aikata, ni kuma takardar shaidarsa kawai nake jira. Jarrabawar ba wata abu ba ce: ka rubuta shirin kwamfuta da zai tambayi mutum sunansa, ya karanta, ya ƙirga wasulan ciki. Na gama, na kira shi ina taƙama. Allon ya nuna: RUBUTA SUNANKA.

"Ba sallama?" in ji shi. "Gidanku haka aka tambayar manya? Goge!"

Na sa sallama har da gaisuwar gajiya. Sai ya ce shi ba zai gwada ba, ai ya san hanya. Ya ɗauko kawunsa Baffa Manu, masunci daga Argungu. Tsoho ya zauna, aka karanta masa tambayar, ya ce, "Wa ka tambaya? Ban san shi ba, ba ni hwaɗi." Ya danna babban maɓalli bai rubuta komai ba. Shirin ya ce wasulansa sifili, ya yi godiya.

"Ka gani? Kac ce kawuna ba shi da komi!" Takalmi ya sauka.

Na gyara yadda zai sake tambaya cikin ladabi. Baffa ya huce, ya ce to a rubuta: sunansa, na ubansa, na kakansa, da unguwarsu. Kafin a kai kakan, sunan ya yi wa shirina tsawo, ya shaƙe.

Na ce, "Malam, suna ɗaya aka tambaya!"

"Mutumin Kabi za ya ba ka suna guda? Kai ka zaɓar ma mutane abin da za su hwaɗi?"

Ranar da ya sa hannu a takardar shaidata, an riga an rufe karɓar takardun neman aiki. Na tsaya gabansa, na ce ya kashe mini rayuwa. Ya ta da babur, ya ce, "Hau."

Ofishin ɗaukar ma'aikatan ya ji abin da muka saba ji. Ya cire takalmi, ya buga a teburin jami'in: "Wanga yaro ya iya tambayar mutane! Ku kun iya?" Suka karɓi takarduna don ya tafi kawai. Da aikin nan na yi aure.

Masifaffe ne, kada wanda ya gyara masa tarihi don ya mutu. Amma ya Allah, yanzu shi ake tambaya. Ka sa masu tambayar su zo masa da sallama, Ka ba shi ikon amsawa. Amin.