Bijimin da Na Bayar a Kan Waƙa

Ni ɗan kasuwa ne, kuma abin da na sani game da mallaka gajere ne. Ka ba da naka, a ba ka na wani, ku tafa gaban shaidu, abu ya zama naka. Da wannan na tashi daga dakon buhu a kasuwar Cadawa har na kai ga sayen gyaɗa da kaina, ina haɗawa da fata da ƙirgi ina kaiwa Maraɗi. Ban shiga lakol, makarantar boko, ba, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba, sai a shekarun da aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu. A lokacin ne wata waƙa ta rikita ni, kuma har yau ban gama warwarewa ba.

Daminar da na fara kiran gayya a gonata, na aika wa wani makaɗin noma da ake ji da shi a yankinmu. Al'adarsu ce kafin su yi wa mutum waƙa su zo su tambayi asalinsa. Ya zo ya zauna a zaurena, ya tambayi kakannina. Na ce ubana daga wajen Katsina ya ƙetaro da jaki guda, ya rasu ina ƙarami, iyakar abin da na sani ke nan.

Ya ce, "Maigida, ba a yi wa mutum kiɗa da babu. Lalubo mini wani abu."

Sai na tuna da Inna. Ni ɗan wabi ne. Ta haifi 'ya'ya kafin ni, kowanne yana komawa tun bai kai yaye ba. Da aka haife ni sai tsofaffi suka huda mini kunne, suka ajiye ni a kan juji na ɗan lokaci, wai don mutuwa ta ɗauka ba a so na. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Tana da wasu 'yan kalmomi da take rerawa in tana daka, na taso ina jinsu:

Na juji, na juji,
wanda aka yar ya ƙi tafiya,
mutuwa ta leƙo ta ga shara,
ta wuce ta bar mini nawa.

Na faɗa masa. Ya sa na maimaita, yana buga cinyarsa da yatsu. Ranar gayya ya ɗora su a kan ganga, ya zagaye su da sunana da labarin dakona da gyaɗata, 'yan amshi suna karɓa. Samari suka yi noma kamar za su tsaga ƙasa. Ni kuwa na tuɓe rigar da ke jikina na ba shi, na sa aka jawo jan bijimina na damƙa masa igiya gaban jama'a. Daga ranar kowa ya san ta da waƙata. Yara ma in sun gan ni sai su fara ta.

Bayan 'yan shekaru na je Gidan Rumji ranar kasuwa sayen fata. Ina cikin taya wani ƙirgi sai na ji gangar, na ji "na juji". Na gyara hula, na nufi wurin, a zatona ya hango ni ne. Na tarar da shi gaban wata sabuwar kamyo, yana yi wa mai motar, wani ɗan kasuwar goro. Ya cire sunana ya sa nasa. Ya cire gyaɗa ya sa goro. Kalmomin Inna kuwa suna nan yadda suke, ana zuba su a kan mutumin da na san uwarsa ba ta taɓa binne ɗa ba, kunnensa kuma ko tabo babu.

Na jira ya gama, na ja shi gefe.

Na ce, "Sarkin kiɗa, bijimin nan ya mutu ne?"

Ya ce, "Yana nan, maigida, har ya ƙara tozo."

"To waƙar fa?"

"Ita ma ga ta, ai ka ji lafiyarta lau."

Na ce ni na saye ta. Ya yi dariya, ba ta raini ba, irin wadda ake yi wa baƙo da bai san gari ba. Ya ce, "Ranar ka saya, kuma ka ci ranarka. Wanga kiɗi ubana ya yi wa manoman da ba ka taɓa jin sunansu ba. In kowa zai ɗaure tasa a turke, ni da mi zan yi yawo?"

Ba zan ɓoye ba, da waƙar duka ya ɗauka ya bar waɗannan kalmomi, da ban kula ba. Su nake so ya daina yi wa wani.

Mai masaukina a Gidan Rumji yana da ɗa da ya yi lakol har Yamai, aka dawo da shi yana aiki a buro, ofishin gwamnati. Zamanin nan kowa cewa yake mun samu kanmu, komai yana da doka. Na kai masa maganar da hantsi, yana shirin fita. Ya ce lalle akwai doka a kan haka, Turawa suka bar ta kuma ana aiki da ita, tana tsare haƙƙin wanda ya ƙirƙiri waƙa ko littafi ko zane. Na ji daɗi, na aika a sayo masa goro. Da na sani da na dakata.

Na ce, "To ka rubuta. Na ba da bijimi gaban shaidu."

Ya ce, "Baba, bijimi ladar aiki ne. Ko kai ka sa aka yi waƙa, ko kai ka biya, haƙƙin yana wurin wanda ya tsara ta, sai fa in ya sallama maka shi a rubuce."

Na ce, "In na sayi hular nan, maɗinki zai zo ya cire ta daga kaina?"

"A'a. Hula taka ce, ka sa, ka sayar, ka ƙona. Amma in zanen da ke jikinta shi ya ƙago shi, zanen nasa ne. Ba za ka kai wa wani ya yi ta kwafa kana sayarwa ba."

Na cire hular na dube ta. Shekara da shekaru tana kaina, ashe muna tarayya da wani ban sani ba.

Na sake shiga ta wata ƙofa. Na ce ai labarina ne a ciki, ni aka ajiye a juji, ni na yi dako. Ya ce doka ba ta tsare labari, ba ta tsare abin da ya faru, ba ta tsare dabara. Kowa yana iya yi wa ɗan wabi waƙa gobe. Abin da take tsarewa shi ne yadda aka jera kalmomin. Na ce to ke nan komai na makaɗi ne. Ya ce a'a, iyakar abin da ya jera da kansa. Kiɗan da ya gada, wanda ba a san wanda ya fara shi ba, wannan dokar ba ta ba kowa shi ba.

Na ce, "Yaro, tsaya. Ba tawa ba ce, ba tasa ba ce duka, wani yankin kuma ba na kowa ba. Wace irin dukiya ce wannan? Ko akuya ta fi ta tsari."

Sai na faɗi abin da ya kamata in fara da shi, cewa layukan nan huɗu na "na juji" na uwata ne. Ya ajiye kekensa da ya riga ya kama.

Ya ce, "In ita ta ƙago su, nata ne. Ita ke da ikon ta hana, ita ke da ikon ta bari, kuma ba a canza su sai da yardarta."

Na ce ba ta taɓa rubuta ko alif ba, ba ta taɓa taka buro ba. Ya ce ba a bukatar rubutu ko hatimi, tun ranar da suka fito bakinta suka zama nata. In za a je gaban alƙali a Maraɗi, ita ce mai ƙara, ni ɗan rakiya ne. Sai bayan ranta haƙƙin zai sauko wa magada, shi ma na wasu shekaru.

Na fito na fi yadda na shiga ruɗewa. Amma ɗan kasuwa ba ya barin ƙofa a buɗe bai leƙa ba. In Inna ce mai kaya, ai kayan yana gidanmu.

Tana zaune wajen ƙanwata a wani ƙauye kusa da Gazawa. Na same ta tana ɓarar gyaɗar iri, idonta ya fara rauni. Na kwashe komai na faɗa mata. Ta ce, "Gwamnati ta san da ni? To ta aiko da gishiri mana."

Na ce maganar ba ta wasa ba ce. Ta ce "na juji" ai duk matan da suka sha wabi suna faɗa, ba ita ta fara ba. Na biyun kuma wajen uwarta ta ji. Na ƙarshen biyu ne nata. Ina zaune huɗu suka koma biyu a hannuna. Sannan ta tambaye ni wa ya kai wa makaɗi. Na ce ni. Ta ce ita ba ta tuna an tambaye ta ba. Ban ga laifina a nan ba, har yanzu ma ban gani ba, amma na lura cewa bisa dokar yaron nan ni ne farkon wanda ya ɗauka.

Maraɗi kuwa ta ce ba ta zuwa. "In tsaya gaban maza ina faɗin 'ya'yan da na binne? Kira mini shi nan."

Ya zo ranar wata kasuwar Gazawa, ba ganga, da ƙullin goro. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa. Ta ce ya rera mata da baki. Ya rera. Rabona da jin waƙar ba kiɗa tun ina yaro, ita ma ta daina ɓarar gyaɗa har ya kai ƙarshe.

Ta ce, "Mai motar nan, uwarsa ta binne?"

Ya ce, "A'a, Inna, duk suna nan."

"To Allah Ya raya mata. Na farkon biyu ka yi wa wanda ka ga dama, ba nawa ba ne. Na ƙarshen biyu kada ka ƙara yi masa. Amma duk inda ka ga wanda uwarsa ta binne kafin ta samu, yi masa, ko wane ne."

Na ce, "Inna, ai ni kika yi wa."

Ta juyo wajen da muryata take. Ta ce, "Kai? Kana bayana kana barci, me ka sani? Kaina na yi wa."

Makaɗi ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗarsa tana motsi. Na ce in ya gama dariyar ya tuna bijimina yana gidansa. Ya ce, "Yana gaishe ka, maigida."

Ya riƙe abin da ta ce. Waƙar mai goro ta rage tsawo, shi bai ma lura ba. Da na koma na ba yaron buro labari, ya ce abin da doka ta tanada ke nan daidai, mai haƙƙi ta ba da izini da sharaɗi. Na ce ai ba ta san dokar ba. Ya ce ba sai ta sani ba. Na ce to ni da na zo neman doka me na samu? Ya ce na samu an daina yi wa mai goro. Gaskiya ne. Sai dai na shiga ina da kishiya guda a kan waƙar, na fito ina da duk 'yan wabin ƙasar nan.

Wata rana a kasuwar Cadakori na ji shi yana yi wa wani Bafillace mai sayar da tumaki, dogo, da hudajjen kunne. Mutumin ya jingina da sandarsa yana saurare. Na tsaya ina jiran fushi ya zo mini, sai na ga hannuna yana kan kunnena. Na koma wajen fatuna.

Da Inna ta rasu, makaɗin ya zo gaisuwa. Bayan addu'a ya matso ya ce, "Maigida, an ce yanzu ku ke da kalmomin Inna, kai da ƙannenka. Wa zan tambaya?"

Abin da na yi ta nema ke nan, ya zo har tabarmata. Da na ce ya daina, zai daina. Na duba na ga ban san ko nawa ne na hanawa ba, tunda mai su ta faɗi wanda ta yi wa. Na ce ya ci gaba yadda ta ce.

Ya tashi zai tafi, na kira shi. Na ce, "Tsakaninka da Allah, bijimin nan me na saya da shi?"

Ya yi tunani sosai, ba da wasa ba. Ya ce, "An dai nome maka gona."