Ɗorawa Biyu a Bayan Takarda

Shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, ina koyarwa a firamare a Faskari. Da aka ƙara mana albashi, abokan aikina suka sayi babura da rediyo mai kaset. Ni kuwa gona na saya a bayan Ruwan Godiya, a hannun wani dattijo da ƙarfinsa ya ja baya, 'ya'yansa kuma sun tafi aikin titi. Mun yi ciniki a zauren mai unguwa gaban shaidu uku, aka yi fatiha, aka raba goro. A wurinsu magana ta ƙare ke nan.

Ni ba ta ƙare mini ba. Ina ganin masu motoci daga birni suna zuwa neman gonakin gefen hanya, shaidun nan uku kuma duk sun manyanta. Na je ofishin filaye na ƙaramar hukuma, akawu ya ba ni fom. Ya ce sai safiyo ya auna gonar, dagaci ya sa hannu, sannan mai sayarwa ya zo da kansa ya dangwala yatsa.

Na iske dattijon a ƙofar gida yana tufkar igiya. Ya saurare ni bai ɗago kai ba.

"Malam, a gaban mutane na ce na sayar maka. Mi kuma ya rage?"

"Baba, ni maganarka ta ishe ni. Amma jikokinka da nawa ba sa cikin zauren nan ranar."

Sai da ya gama igiyar ya ce, "To. Amma ban da ranar kasuwar Yankara."

Safiyo ya zo ya auna, dattijon na gaba yana nuna masa layin gamba da ya raba mu da maƙwabta. Dagaci ya sa hannu ba gardama. Wata safiya ni da dattijon muka hau a-kori-kura, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a.

Ofishin ɗaki ne guda, fayil jibge har kan taga, an ɗaure su da zare. Akawu ya karanta takardar da Turanci yana fassara mana. Ya riga ya buɗe tawada, dattijon ya miƙa babban yatsa, sai aka zo inda aka ce gona da duk abin da ke cikinta. Ya janye hannu ya sa cikin riga.

"Ƙasa na sayar. Ɗorawa biyun nan na gabas na matata ne, da kalwarsu take daddawa."

Gaskiyarsa ce. Ya faɗa a zaure, na amsa masa, ni ne na manta ban gaya wa akawu ba. Kunya ta kama ni.

Akawu ya ce fom ba shi da wurin rubuta bishiya, mu yi wannan tsakaninmu a gida. Na ce masa a'a. Na taso dattijo daga gidansa ne don a rubuta abin da muka yi, in aka rubuta rabi, gara ma ba a rubuta ba. Na nemi ganin babbansa.

Babban jami'in ya saurare mu har ƙarshe, ya juya ga dattijon.

"Baba, har tsawon yaushe za ta riƙa ɗiba?"

"Iya ranta, ranka ya daɗe."

"Malam, ka yarda?"

Na ce na yarda tun a zaure. Ya ce a juya takardar a buga a baya. Ni na tsara kalmomin, akawu yana bugawa a tafireta fuskarsa a murtuke: 'ya'yan ɗorawa biyu na gabas na matar mai sayarwa ne iya rayuwarta, ba za a sare bishiyoyin ba, ba za a hana ta shiga ba. Dattijon ya sa aka karanta masa sau biyu. Sannan ya dangwala gaba da baya, na sa hannu, aka buga hatimi, aka shigar da lambar a babban littafi.

A mota na miƙa masa ruwa ya wanke yatsan, ya ƙi. Ya ce sai matar tasa ta gani tukuna.

Bayan damina na karɓo kwafina. Tsohuwar ta yi shekaru tana zuwa da ƙugiya da kwando duk bazara, ba ta taɓa neman izinina ba, ni ma ban so ta nema ba. Da ta rasu, 'yarta ta aiko a tambaye ni ko an rufe musu hanya. Na ce ta zo ta ɗiba.