Mai Benaye da Mutumin Kan Tsani

Ɗan gwaggona ne, ni na laƙaba masa suna Mai Benaye. Dukiyar tasa kaf gida ne mai ɗaki huɗu, famfo ɗaya da banɗaki ɗaya, wanda ya gina da shekara ashirin na tuƙin motar kaya. Kasko a hannunsa sai ya lanƙwashe. Amma ka ce ya faɗa wa ɗan haya magana mai nauyi, sai ka ji murya kamar ta ɗan tsako.

Bana gwiwoyin Gwaggo suka ƙi. A saman bene take zaune wurin 'yarta, matakala ashirin da biyu, kafin ta sauko ta hau yini ya ƙare. Shi kuwa Mai Benaye a ciki da falo yake zaune da 'ya'ya shida. Sai ya yi mata alkawarin ɗakin farko na gidan hayar, wanda ke dab da famfo, nan da wata uku.

A ɗakin akwai wani gwauro mai gyaran fanka, ana ce masa Injiniya. Tun shigarsa suka yi magana cewa in buƙata ta taso zai tashi. Saura kawai a ce masa ta taso.

Ni Mai Benaye ya mayar allon gwaji. Ya tsayar da ni a zaure, ya murtuke.

"Malam, ɗakin nan ina so."

"Ƙara ɗaure fuska," na ce. "Yanzu kama kake da mai neman aron gishiri."

Ashe Injiniya ya riga ya ji ƙishin-ƙishin, kuma ya karanci mutuminsa. Da ya ji ƙarar babur ɗin mai gida daga bakin layi, sai ya jingina tsani ya haye. Yau kwano ne ke yoyo, gobe waya ce ta yi sako-sako, jibi tsuntsu ya yi sheƙa a indararo.

"Maigida, sannu da zuwa. Ɗan riƙe mini tsanin nan, rawa yake."

To ta yaya za ka kori mutumin da yake gyara maka rufi, ransa kuma yana hannunka? Haka ɗan'uwana zai tsaya da tsani a rungume, yana miƙa ƙusa, har rana ta gasa masa ƙeya. In Injiniya ya sauko yana haki, sai a ji bakin Mai Benaye ya ce, "Allah ya saka da alheri."

Wata uku ana haka. Rufin nan ya sha ƙusar da ta isa gina gada.

"Me ya sa ba za ka je a ƙafa ba?" na tambaye shi.

Ya je a ƙafa. Ya tarar da shi a kan tsani. Ni ina zargin can yake kwana.

Ranar alkawari Gwaggo ba ta tambayi kowa ba. Ta sa aka sauko da ita, aka loda katifarta da akwatinta, muka nufi gidan. Injiniya na bisa rufi, ɗanta na rungume da tsani. Ta zauna a kan akwatin, ta dube ni.

"Kai, marar aikin yi, ɗauke tsanin nan ka kai waje."

Na ɗauke, har da gudu.

"Ɗana," ta ce tana kallon sama, "yaushe za ka ba ni ɗakina?"

"Mama, a bari na sauko mu yi magana."

"Daga nan ma ina jin ka. Gwiwa ce ta lalace, ba kunne ba."

Kwanon ya fara zafi. Injiniya ya ɗaga wannan ƙafa, ya ɗaga waccan. Ya ce wata biyu. Gwaggo ta buɗe lema. Ya ce mako biyu. Ta aika a sayo mata ruwan sanyi. Mai Benaye yana gefe yana raɗa, "Inna, a ji tsoron Allah," ta ce ya matsa, yana tare mata iska.

A kan Asabar aka tsaya, saura kwana uku ke nan. Kwana ukun ta yi su a ɗakin matar tela, maƙwabciyar Injiniya, tana gadin ƙofa.

Ran Asabar Mai Benaye ne ya nemo wa Injiniya wani ɗaki, ya kwashe masa matattun fankoki arba'in a kansa, yana tafe yana ba shi haƙuri. Gwaggo ta shiga ɗakinta, taku huɗu tsakaninta da famfo. Shi kuwa har yau ba ya bin layin da Injiniya ya koma, wai kunyar haɗa ido yake ji.