Dariyar da ta rage a tsohon diski

Da aka raba gadon mijina, kwamfutarsa ce ta faɗo cikin rabona, irin mai nauyin nan da ake rufewa a rataya a jaka. Ma'aikacin dabbobi ne. Da ita yake yawo daga Konni zuwa Dogarawa har ƙauyukan Illela, yana rubuta rahoton allurar shanu. A hanyar Malbaza motar da ya shiga ta kife.

Bayan na fita takaba, abu guda nake buɗe ta in saurara. Ranar da ya sayo makirfo ya zauna tsakar gida yana gwajin ɗaukar murya a kwamfutar, sai ya ɗauki ɗaya daga littattafan soyayyar da direbobi ke kawo mini daga Kano, ya shaƙe murya kamar saurayin littafin, yana karanta wa tunkiyarmu. Ana jin muryata daga madafa ina cewa ya ajiye mini kayana. Daga nan sai dariyarsa, doguwa, har da tari. Ba ni da muryarsa a ko'ina sai nan.

A littattafan nan, wanda ya rasu yakan zo wa masoyiyarsa cikin mafarki da fararen kaya. Ni nawa bai taɓa zuwa ba. Sai dai a damina ta biyu kwamfutar ta fara wani ƙas-ƙas daga ciki, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Nakan janye hannuna in zauna ina kallonta, tsikar jikina na tashi.

Ƙanen mijina yana da shagon gyara kusa da tasha, can na kai ta. Ya kanga kunne ya saurara.

"Matar yaya, wanga ba aljani ba ne. Diski ne, rumbun da ke cikinta, ya tsufa kamar ke."

"Tsufan da ya sa kullum kana gidana cin tuwo?"

Ya ce zai sa a kawo sabo daga Sakkwato, wanda ya fi girma. Manhajojin sai an sake zuba su daga faifai, sauran kaya kuwa kwashewa za a yi. Ya tambaye ni mi da mi nake so a kwashe.

Nan kunya ta kama ni. Ta yaya zan dubi ƙanen mijina, magidanci da ƴaƴansa, in ce masa ina zama ni kaɗai ina sauraren muryar wansa? Ko sunan mamacin ban taɓa faɗa a gabansu ba. Na ce, "Duk abin da ke kan fuskarta." Na san ɗan hoton da nake dannawa in ji muryar yana nan a kusurwar dama.

Kwamfutar ta dawo mini da sauri, shiru kamar sabuwar amarya. Rahotannin shanu suna nan, ɗan hoton ma yana nan a kusurwarsa. Na danna. Sai wani rubutu ya fito da Faransanci, wai ba a samu abin da yake nunawa ba. Na sake dannawa, na sake.

Ban ko canza mayafi ba na koma shagon. Ya duba ya ce, "Ai wanga alama ce kawai, irin allon bakin hanya da ke nuna gari. Garin na can cikin tsohon. Mi ke ciki haka da kika zo a guje?"

Na faɗa masa, idona a ƙasa. Ashe bai san akwai muryar ba.

Ya zaro tsohon diskin daga aljihun tebur ya haɗa da waya, ya ƙi juyawa. Ya ce akwai dabarar da masu gyara ke yi in sun rasa mafita: a sanyaya shi, wataƙila ya farka sau guda. Muka naɗe shi a leda muka kai wa wata hajiya mai sayar da ƙanƙara. Ta jujjuya ƙunshin ta ce, "Nama ne ko magani?" Ta tura shi cikin firji ƙarƙashin ƙullin zoɓo ta rufe, ni kuwa sai na ji kamar mun sake barin mutum shi kaɗai a wani wuri.

Washegari da hantsi muka ɗauko shi, sanyi ƙarara, yana zufa. Ya haɗa. Muka ji ya ja numfashi ya fara juyawa. Ƙanen mijina ya lalubo inda muryar take, ya fara kwashewa. Wani koren layi ya kama tafiya a hankali, ya wuce rabi. Sai ƙas, ƙas. Daga nan bai sake motsi ba, duk da mun mayar da shi wurin hajiya har sau biyu.

Abin da ya tsallako yana buɗewa. Akwai gyaran muryar mijina, akwai karatun, tunkiya ta yi kuka, ga ni daga madafa ina faɗa. Sai a ji ya shaƙi iska zai yi dariya, a nan ya yanke.

Da farko ni nake ƙarasa masa dariyar a raina. Yanzu na lura takan zo mini wata rana da tarin, wata rana babu, kuma ba ni da inda zan je in tabbatar.