Layi na uku a allo

Ina koyar da darasin zamantakewa a wata sakandare a Unguwar Dosa, ƙarshen shekarun tamanin, na ja layi biyu a allo. Na ce masana sun kasa dangantaka gida biyu: jini da aure.

Hajara ta ɗaga hannu. "Malam, Yaya Sani fa? Ɗan direbanmu ne, amma babarsa ce ta shayar da ni. Ina gurbinsa?"

Wani daga baya ya ce, "Zana masa ƙwaryar nono!" Aji ya kwashe da dariya, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba.

Na miƙa mata alli. Ta ja layi na uku, ta rubuta sunansa.

Har yau ina tunanin dangantaka nawa littafinmu bai hango ba. Ku fa, wa za ku rubuta a layin nan?