Ranar da waya ta yanke a bakin mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin ina da shagon buga takardu a Yendi, abokina ya lallaɓe ni na sa wayar tebur mai aiki da kebul ɗin intanet. Ya ce ta fi araha. Ni kuma da son a ce na waye, har goge ta nake yi kullum da safe. Bai gaya mini cewa in wuta ta ɗauke ita ma ta mutu ba, kuma in intanet ya yi nauyi murya sai ta riƙa zuwa gutsure-gutsure.

Lambar nan kaɗai mahaifiyata ta haddace. Tana Salaga, ba ta da waya, sai ta ari ta maƙwabta.

Wata Laraba bayan azahar ta kira. Abin da na iya ji shi ne, "Babanka... asibiti... ya..." sai wuta ta ɗauke. Na yi ta danna wayar, ko haske babu, balle in ga lambar da ta kira da ita. Na ɗauki ta aljihu na kira yayana a Bawku, ya ce bai san komai ba, ya fara salati. Na zauna, na tashi, na leƙa waje ko an kawo wuta. Da na kasa haƙuri na rufe shago na hau babur na nufi Salaga, ban ko ɗauki hula ba.

Duk hanyar Bimbilla ina ta ƙarasa maganar nan a raina, kuma ba ta taɓa ƙarewa da alheri ba.

Na isa gab da magariba, na tarar da mahaifina a tabarma yana shan koko, ya rame ƙwarai. Ashe kwanansa huɗu a asibiti, ranar aka sallamo shi. Na fara faɗan me ya sa aka ɓoye mini. Mahaifiyata ta bari na gama, sannan ta ce, "Kullum sai na je gidan mutane na kira ka. Wayarka ce ba ta shiga. Na ɗauka aiki ne ya yi maka yawa."

Washegari na saya mata wayar hannu, na koma Yendi na cire ta teburin nan.

Mahaifina ya warke, har yana tsokanata da wannan tafiya. Amma har yau, in waya ta yanke mutum bai gama magana ba, sai in ga na miƙe tsaye.