Wutar Sata a Zauren Tafsiri

Edita, a shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasar nan, ni saurayi ne mai ji da kansa. Na ɗan taɓa koyon gyaran rediyo a Kano, na dawo Kankiya ina ganin babu wayar da ta fi ƙarfina. Mahaifina malami ne, shi ke tafsiri a zauren gidanmu bayan la'asar duk azumi. Da wutar lantarki ta iso unguwarmu, almajiransa suka saya masa lasifika muka ɗaura a kan soro, domin tari ya riga ya cinye masa murya. Da ita matan unguwa, waɗanda ba su fita, suka samu suna jin karatu daga tsakar gidajensu suna aikin buɗa-baki.

Ana gab da azumi ma'aikatan wuta suka zo suka cire mana fis suka yanke wutar, wai ba mu biya ba, alhali takardar kuɗin wutar wani gida aka yi ta kawo mana. Na yi zarya ofishinsu har takalmina ya suɗe. Yau a ce mai sa hannu ya tafi Katsina, gobe a ce motar aiki tana hanyar Kusada, jibi a ce in yi haƙuri. Haƙurin nan na sha shi har ya ƙosar da ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce tunda ba mu da laifi, ba zan zauna watan azumi ya kama, Malam yana magana ba a jinsa ba. Na ɓalle dalmar da suka liƙe mita da ita, na sa tagulla a gurbin fis, na zagaya da waya ta bayan mitar don kada ta juya. Sannan na je na ce wa Malam an maido wuta. Ya yi ta sa mini albarka, ni kuwa ina amsawa da amin ba kunya.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Azumi ya raba tsakiya, sai ga mutumin da ya cire fis ɗin ya biyo ta layinmu, ya ji lasifika tana tashi daga gidan da ya yanke da hannunsa. Ya zauna aka shafa fatiha da shi, ya gaida Malam, sannan ya tambaya a gaban jama'a wane ne ya maido wutar. Malam ya waiwayo ya dube ni. Da ya yi mini faɗa ko ya mare ni da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi ashe da kayan sata yake ta karanta wa mutane ayoyin amana, ya sa na hau soro na kwance lasifikar da hannuna ana kallo.

Daga baya ofishin suka gane kuskurensu, aka ci ni tara, wuta ta dawo ta halal. Amma Malam ya ƙi yarda a sake ɗaura lasifikar. Na turo aminansa, na turo gwaggona, duk ya ce zuciyarsa ta riga ta ƙyamace ta. Haka ya ci gaba da ɗan abin da ya rage na muryarsa, na sahun gaba kaɗai ke ji, zauren yana raguwa kowace shekara har Allah ya karɓi abinsa.

Har yau ina jin haushin waɗancan ma'aikata, ban ɓoye ba. Sai dai zaluncinsu na 'yan makonni ne, nawa kuwa ya zauna. Duk wanda aka yanke wa wuta ba bisa ƙa'ida ba, ya bi haƙƙinsa ko zai gaji, kada ya taɓa mita, domin ba ka san wanda zai biya ba. Ranar ta'aziyyar Malam wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta aiko a gaya mini ta yafe, amma in sani tun waccan shekarar ba ta ƙara jin tafsiri ba.